Ranar da Tsohuwa Ta Shiga Ba-Komo

Na yi shekaru ina tuƙi tsakanin Malbaza da Konni. Na ɗauki masu rai, na ɗauki waɗanda suka cika, kuma yawancin tafiye-tafiyen sun gauraye a kaina kamar gero da dawa a masussuka ɗaya. Amma akwai tafiya guda da ta ƙi gauraya da sauran. Ba na jin zan taɓa manta ranar da wata tsohuwa, lafiyarta ƙalau, ta ce a ɗora ta a bayan babur ɗin ƙungiyarmu.

Ƙungiyar taimakon juna ce ta 'yan unguwa. A cikinmu akwai teloli, mahauta, 'yan kabu-kabu irina, ma'aikatan kamfanin siminti, da matan da ke sayar da abinci a tasha. Aikinmu ba mai ɗaukar ido ba ne. Mu yashe magudanai kafin ruwa ya sauka, mu nome ciyawar maƙabarta, mu gyara bencin lakwal, wato makarantar boko, mu cike ramukan hanya da kowa ya ce ba nasa ba ne. Duk Lahadi da la'asar muna taruwa a gindin bedi, mu yi gardama a kan abin da aka riga aka yanke Lahadin da ta wuce. Shugabanmu, wanda muke kira Parzidan, tsohon malamin lakwal ne da ya aje aiki. Rabin garin ya bi ta ajinsa, don haka har yau mutane da yawa ba su san shi da wani suna ba sai Mushe, yadda muke kiran malaman lakwal a ƙasarmu.

Abin da ya daɗe yana damun mu shi ne ɗaukar marasa lafiya daga ƙauyuka. Mutum zai kwanta ciwo a lungu, a ɗora shi a amalanke, kafin jaki ya gama shawara da kansa ya iso bakin kwalta, ciwon ya yi nisa. Da 'yan garinmu da ke ci-rani suka haɗa hannu da mu, sai muka sayi babur mai taya uku mai bodi a baya, irin wanda ake jigilar albasa da shi. Mai walda ya yi masa rumfa, aka shimfiɗa katifa a ciki. Parzidan ya ce motar asibiti a ko'ina fara ce, don haka aka shafe shi da farin fenti, tela ya ɗinka masa fararen labule. Aka ba ni makulli saboda na san hanyoyin daji.

Washegarin bikin buɗewa aka yi mana kiran farko. Wani dattijo daga wajen Dogarawa ya rasu a gidan likita, danginsa kuma ba su da halin ɗaukar mota. Buro, wato kwamitin shugabannin ƙungiya, ya zauna a tsaitsaye. Wasu suka ce ba don wannan aka sayi babur ba. Limamin da ke cikinmu ya ce kai mamaci makwancinsa lada ne da ba a musu a kansa, kuma gaskiya ya faɗa. Na ɗauki gawar, na bi ta tsakiyar gari a hankali kamar yadda ya kamata, fararen labule suna kaɗawa, mutane suna tashi tsaye suna addu'a.

Kafin na dawo, babur ya samu suna. Ana ce masa Ba-Komo.

Daga nan aiki ya tsaya cak. Na yi watanni ina wanke shi kowace safiya, ina tayar da shi don kada batir ya mutu, ba wanda ya kira. Sau ɗaya na je da kaina inda wani ya faɗo daga kan rumbu ya karye a ƙafa. Da ya hango ni tafe, sai ya ja jiki ya shige bayan danga, ya ce ƙafar ta fara sauƙi. Wani kuma da maciji ya sara a gona ya ce in gode wa ƙungiya, amma zai jira jakin maƙwabcinsa ya dawo daga rijiya.

Parzidan ya ce wannan jahilci ne, kuma jahilci ba shi da magani sai darasi. Ya tsara cewa ranar kasuwa zai kwanta da kansa a kan katifar, in tuƙa shi zuwa tsakiyar kasuwa, in yaye labule, shi kuma ya tashi ya yi wa jama'a jawabi a kan cewa babur ƙarfe ne kawai. Ya sa farar rigarsa ta zuwa Juma'a. Abin da ba mu sa a tsarin ba shi ne kwanon furar da ya sha kafin mu tashi, da kuma yadda babur ke girgiza mutum a hankali kamar goyo.

Na tsaya a gaban rumfar mahauta na yaye labule. Parzidan yana kwance rigingine, hannuwa a kan ƙirji, baki a ɗan buɗe. Na kira shi a hankali, bai motsa ba. Jama'a suka fara matsowa. Wani baƙon ɗan kasuwa daga ƙetaren iyaka ya leƙo, ya tambaye ni ko wane ne.

Na ce, "Mushe na."

Ya dube ni da ɓacin rai ya ce, "Ka ji tsoron Allah. Ba a kiran gawar Musulmi haka."

Kafin na yi masa bayani, salati ya cika wurin, kuma wani ɗan kabu-kabu mai son a ce shi ya fara kai labari ya riga ya nufi unguwarmu. Salatin ne ya tashe Parzidan. Ya miƙe zaune, ya gyara hula, ya ce, "Jama'a." Iyakar jawabin ke nan, domin da ya ɗaga kai babu jama'ar. Sai takalma da tumatir a warwatse.

Da muka isa gidansa an shimfiɗa tabarmi a ƙofa. Ya sauko ya zauna a cikin masu gaisuwa, ya amsa addu'o'in da aka riga aka fara. Matarsa ta aiko daga ciki cewa tun da an dama hura, a sha kawai. Darasin da gari ya ɗauka daga wannan rana shi ne, Ba-Komo ko mai lafiya ya shiga sai ya leƙa lahira.

Haka muka shiga damina. Wata rana, lokacin da gero ya kai tsayin mutum, da hantsi, salulata ta yi ƙara. Ma'aikacin ɗan ƙaramin gidan likita ne na wani ƙauye da ke arewa da kwalta, tsakaninmu da Tsarnawa. Ya ce akwai mace tana naƙuda tun jiya, ɗan ya zo a gicciye, kuma jini ya fara zuba. Ya ce abin ya fi ƙarfinsa, sai Konni inda ake yin aiki. Sannan ya rage murya ya ce mutanen gidan ba su san ya kira ni ba.

Na biya tasha na ɗauki Hajiya, shugabar matan ƙungiyarmu, wadda ke sayar da tuwo. Ta bar tukunya a kan wuta ta hau da ludayi a hannu, sai a hanya ta lura da shi.

Mun tarar da gidan cike. A ƙofa an ɗaure wa shanu amalanke, kuma duk wanda ya san hanyar ya san ba za su kai bakin kwalta ba sai rana ta yi sanyi. Ina kashe babur, surutu ya ɗauke. Hajiya ta shige ciki, ni na tsaya a zaure da maza. Daga inda nake ina jin nishin matar, ba kuka ba ne, nishi ne mai rauni da ke zuwa yana ɗaukewa.

Mijin yana tsugune a jikin bango, magidanci ne da bai wuce sa'ana ba, hannuwansa da laka don daga gona aka kira shi. Wansa ne ke magana. Ya ce sun gode, amma ba a taɓa fitar da mai rai daga gidansu a cikin makara ba. Na yi masa bayanin da Parzidan ya koya mana, cewa babur ƙarfe ne, taya roba ce, rai kuma a hannun Allah yake. Ya ce ya yarda rai a hannun Allah yake, shi ya sa za su bi da amalanke. Uwar mai naƙudar ta leƙo daga tsakar gida tana kuka, ta ce sai dai a bi ta kanta, ɗiyarta ba ta shiga wannan abu da ranta. Hajiya tana lallashi, ma'aikacin likita yana roƙo, ni ina maimaita zancen ƙarfe da roba. Inuwa ta yi ta matsawa muna wuri ɗaya. Har yau ina tuna tsawon lokacin da muka ɓata a zauren nan.

Ana cikin haka wata tsohuwa ta fito daga ɗan ɗakin da ke kusa da zaure, tana dogara sanda. Uwar mijin ce. Ta tsufa har ta rankwafa, idanunta sun yi fari-fari. Ta wuce mu kamar ba ta gan mu ba, wataƙila ma ba ta gan mu ɗin ba, ta je ta shafa jikin babur da tafin hannu, ta taɓa labule. Sannan ta tambayi ina direba.

Na ce, "Ga ni, Inna."

Ta ce, "Ɗana, wagga aba, in ta tashi ɗauka, mutum nawa taka ɗauka?"

Na faɗa mata gaskiya. "Guda ta taɓa ɗauka, Inna."

Ta gyaɗa kai. "Ashe ba ta da haɗama. To ku aza ni. In guda taka so, ga ni, na hi kowa kusa. Ku kawo yarinyar ku kwantar ga jikina."

Babban ɗanta ya fara magana, ta ɗaga masa sanda ba tare da ta juyo ba, ya yi shiru. Ta koma ɗakinta ta fito da wani ƙunshi a tsohon zane. Duk wanda ke wurin ya san abin da ke ciki, domin tsofaffinmu kan tanadi likkafaninsu tun da sauran ƙarfi. Ta tsaya ta ce akuyar da ke da ciki ta jikarta ce, tukunyar ƙarfe a mayar wa maƙwabciya don aro ce, ta kuma yafe wa kowa ban da wanda ya san shi ya sare mata zogale, shi sai ya zo da kansa. Daga nan ta miƙa mani hannu na ɗora ta. Ba ta fi damin kara nauyi ba. Ta sa ƙunshin a ƙarƙashin kanta ta kwanta a gefen katifa.

Mijin ya tashi ya shiga ciki, shi da Hajiya da ma'aikacin likita suka fito da matar a tabarma. Uwarta ta bi su tana kuka, amma ba ta tare hanya ba. Aka kwantar da ita, tsohuwa ta rungumo kanta, Hajiya ta zauna a wajen ƙafafu, mijin ya maƙale a bayana.

Hanyar duk laka ce. A korin da ke bayan gari ruwa ya kai gwiwa, tayar baya ta nutse, sai ga mazan nan da suka hana mu tafiya sun biyo mu da gudu, wan mijin a gaba, suka sa kafaɗa suka fitar da mu. Duk ramin da na faɗa sai in ji muryar tsohuwa daga baya. "Ɗana, na ce ta ɗauke ni, ban ce ta kakkarya ni ba." In na rage gudu kuma ta ce, "Mi kaka jira? Taka ta."

Da muka hau kwalta na ga abin da ban taɓa gani ba a duk shekarun da na yi ina kabu-kabu. Hanya ta buɗe. Masu amalanke suna sauka gefe, masu babur suna tsayawa, a Tsarnawa masu talla da kan cika titi suka dare biyu suna addu'a. A shingen jandarma, inda ko limami sai ya nuna takarda, wanda ke tsaye ya hango fararen labule ya saki igiya tun daga nesa, ya cire hularsa. Mugun sunan da ya tsare mu a zaure shi ne ya share mana hanya har Konni. Ban tsaya na gyara wa kowa fahimta ba.

A asibiti aka karɓe ta da sauri aka shige da ita. Ba a jima ba wata ma'aikaciya ta fito ta ce ana bukatar jini. Na kira Parzidan. Ban san yadda ya yi ba, amma kafin la'asar 'yan ƙungiya sun cika barandar, mahauci da rigar aikinsa, tela da awo a wuya, ma'aikatan siminti fari fat da ƙura. Aka gwada, aka ɗebi na waɗanda ya dace. An ce wa Parzidan shekarunsa sun wuce, ya yi gardama, aka ba shi benci ya zauna ya tsare takalman mutane.

Tsohuwa kuwa ta ƙi sauka daga babur. Ta ce ba a gama ba tukuna, kada abar ta waiwaya ta ga ba kowa.

Rana ta yi ja lokacin da likita ya fito ya kira mijin gefe. Uwar ta tsira. Ɗan, namiji ne, bai zo da rai ba. Na ji likitan yana cewa da an iso da wuri da wataƙila an same su duka biyu. Mijin ya ce Allah ya riga ya rubuta, ya gode masa, sannan ya juya ya fuskanci bango.

Ni aka bar wa faɗa wa tsohuwa. Na tsuguna a bakin babur na gaya mata. Ta ce, "Na ce ma abar nan ga ni. Ba ta ji ba."

Ta jawo ƙunshin daga ƙarƙashin kanta ta kwance, ta laluba bakin ƙyallen, ta sa haƙorin da ya rage mata ta tsaga, ta yage abin da bai fi zira'i biyu ba ta miƙo mani. "Kai musu. Dama ya yi mani yawa, na ƙanƙance."

A Konni aka rufe shi kafin magariba. Haƙa kabari dama aikinmu ne, ba mu nemi kowa ba.

Da aka sallami matar bayan kwanaki, mijin ya zo ya same ni yana sunkuyar da kai, ya ce za su nemi motar haya. Tsohuwa, wadda ta yi jinyar a tabarma a barandar asibiti, ta ce a cikin abin da suka zo a ciki za su koma. Ta sa aka naɗe labulen duka aka ɗaure. Ta zauna daram a bakin bodi, surukarta a jingine da ita, ta ce in bi ta cikin kowane gari kada in kauce. Duk inda ta ji muryoyin mutane sai ta ɗaga sanda ta gaishe su, ta tambayi gona, ta tambayi iyali, ko ta san su ko ba ta san su ba. A ƙauyensu mata suka fito suna taɓa matar a hannu da kafaɗa. Uwarta ta zo ta tsaya a gabana ta daɗe, daga ƙarshe ta shiga gida ta kawo mani ƙwan zabi a ƙwarya.

Ba zan ce daga ranar kowa ya yarda da babur ba. Kira ya fara zuwa ɗaya-ɗaya, yawanci daga wannan yankin, yawanci kuma mata ne ke matsa wa maza a kira. Wasu sukan ce sai an naɗe labule. Wasu sukan sa wani tsoho ya raka mara lafiya, ko da ba abin da zai iya yi masa. Ban taɓa hana su ba. A taron Lahadi Parzidan ya kawo shawara a sake fenti zuwa shuɗi, kuma wannan ne karo na farko da na ga an yanke magana a gindin bedi ba tare da gardama ba.

Bayan kaka na koma ƙauyen da wani aiki, na biya na gaishe ta. Tana zaune a rana tana ɓarar gyaɗa. Na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina, ko dabara ce ta yi don ta kashe bakin 'ya'yanta, ko kuwa da gaske ta yarda babur zai ɗauke ta.

Ta ce, "In ban yarda ba, mi za ni yi da likkahwani? Tun daga ƙohwar gida har Konni gwiwoyina rawa sukai. Ka ji ina yi maka hwaɗa ne don kar yarinyar ta ji haƙorana."

Wannan amsa ita ce abin da na ɗauko daga dukan lamarin. Mu 'yan ƙungiya mun yi watanni muna gaya wa mutane tsoronsu shirme ne, kuma a kan ƙarfe da roba gaskiya muka faɗa, amma gaskiyar tamu ba ta fitar da mace ɗaya daga ɗaki ba. Wadda ta fitar da ita ba ta fi sauran sani ba, tsoron da ke cikinsu shi ke cikinta. Ba ta ce wa kowa ya daina ji ba, ta dai shiga ta kwanta a inda ake tsoron. Na gane cewa kawo wa mutane abin taimako shi ne ɓangare mai sauƙi, kuma mutumin da ka raina tsoronsa ba zai ba ka amanar ransa ba. Yanzu duk abin da za mu kai wani ƙauye, sai mun fara zuwa hannu sake mun zauna da tsofaffi mun ji abin da ke ransu. Zaman yakan yi tsawo, wani lokaci har ya gundure ni. Amma gara a yi shi a ranar da ba wanda ke nishi a cikin ɗaki.